Kwalin da Ya Kusa Tafiya Zariya

Likita Ashafa Jumare yana cin abincin rana a ofishinsa na asibitin unguwa da ke Sparkbrook, wata Talata cikin watan Fabrairu, sai ga kiran ƙanwarsa Kulu. Ya yi mamaki, domin ba ta saba kira a ranar aiki ba. Ita malamar jami'a ce a Manchester, shi kuma likita ne a Birmingham, kuma shekara da shekaru sai ranar Lahadi bayan la'asar suke gaisawa.

"Yaya, ina wuni. Ka yi haƙuri na katse ka. Ka tuna wani kwali da na ajiye a gidanka lokacin da na tashi daga flat ɗina na Hulme?"

"Wane kwali? Kulu, wannan magana ai ta haura shekara goma."

"Shekara sha biyar. Kwalin man girki ne, na ɗaure shi da shuɗiyar igiya. Littattafan rubutu ne a ciki, guda goma sha ɗaya. Ka ce za ka sa mini a loft, ma'ajiyar saman rufi."

"To, in na ce zan sa, ai na sa. Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau. Amma ina bukatarsu kafin sha biyu ga watan gobe. In babu su, Yaya, aikina na shekara ashirin zai iya tashi a banza."

Ashafa ya ajiye cokali. Ya girmi Kulu da shekara goma sha biyu, kuma tun da mahaifinsu ya rasu tana aji uku na sakandare a Zariya, shi ya zame mata uba. Shi ya cika mata takardun neman tallafin karatu, shi ya tarbe ta a filin jirgi a shekarar 2004, ya kai ta Manchester da bargo biyu da tukunya. Abin da aka turo ta ta karanta shi ne gurɓacewar ruwa, kuma kowa a gida ya riga ya hango ta a babban ofishi a Abuja ko Fatakwal. Ana nan sai aka kwashi 'yan ajinsu zuwa gaɓar tekun Wales domin su ga aiki da idonsu. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Galma faɗi ba ta shiga ƙaramin jirgin ruwa, ta ga dolfin, dabbar nan ta teku mai siffar babban kifi wadda ba kifi ba ce, domin iska take shaƙa, haihuwa take yi, kuma nono take ba 'ya'yanta. Tana dawowa ta sauya fannin bincikenta.

Ran Ashafa bai so ba, kuma bai ɓoye mata ba. Daga baya ya gaji ya bar zancen. Ranar da ta zama Dakta ya je, ya sa babbar riga, an ɗauke su hoto. Amma bai taɓa zama ya tambaye ta ainihin abin da take yi a cikin jirgin nan ba.

Yanzu ta yi masa bayani a gurguje. Akwai wani lungu na teku kusa da ɗan ƙaramin garin Aberlas, inda take aiki tun farko. Wani kamfani yana son gina tashar jiragen shaƙatawa a wurin. Za su yashe ƙasan ruwan, su shafe shekara biyu suna buga turakun ƙarfe.

"Dolfin da kunne yake gane hanya, Yaya. Da sauti uwa take nemo ɗanta, da sauti take farauta. In aka yi shekara biyu ana wannan dukan, iyayen za su bar wurin, kuma babu wani lungu mai kwanciyar ruwa irinsa a kusa. Kamfanin ya ce ai dabbobin kwanan nan suka fara leƙowa, da bazara kawai, wucewa suke yi. An kafa kwamiti, kuma za a saurari masana a nan Birmingham ɗinku, saboda kowa ya fi samun jirgin ƙasa zuwa can."

"To ke ba ki da shaida a kwamfuta?"

"Ina da ita daga 2010 zuwa yau. Na shekara biyar ɗin farko suna kan wata na'ura da ta mutu tuntuni. Abin da ya rage kawai littattafan nan ne."

Da ya tashi daga aiki bai ko cire takalmi ba, ya jawo tsani ya hau saman rufi da tocila. Ya ga tsohuwar fanka, ya ga akwatunan tafiya, ya ga keken da 'ya'yansa suka daina hawa. Kwali mai shuɗiyar igiya kuwa babu shi. Ya sauko da ƙura a gemu, ya tarar da matarsa Nana A'isha tsaye a gindin tsani.

"Me ake nema haka?"

Ya gaya mata. Ta dafa ƙirji.

"Likita, ba kai ka kwashe kwalayen littattafai a watan Oktoba ba? Da aka ce ana tara littattafai a masallaci za a aika makarantun Zariya. Kai da kanka ka loda su a mota. Har na ce ka buɗe ka duba, ka ce ai duk tsofaffin littattafan yara ne."

Ashafa ya zauna a kan matakala. Ya tuna sanarwar da aka yi ranar Juma'ar da ta wuce, cewa kwantenar littattafan za ta tashi ƙarshen wata.

Washegari da safe ya roƙi abokiyar aikinsa ta riƙe masa marasa lafiyarsa, abin da bai taɓa yi ba sai ranar da aka yi wa matarsa tiyata. Ya nufi masallacin da ke kan Stratford Road. Mai kula da wurin, Malam Safwan, dattijo ne ɗan asalin Yaman da ya fi shekara arba'in a unguwar. Ya saurare shi, ya girgiza kai, ya ɗauko makullai.

"Ka yi sa'a, Likita. Jibi motar take zuwa. Amma ka ga abin da ke gabanka."

Ya buɗe ɗakin ajiya na bayan masallaci. Kwalaye ne sun fi ɗari biyu, an jera su har kusa da rufi. Ashafa ya cire kwat, ya naɗe hannun riga. Mutum ne mai shekara hamsin da bakwai da ciwon baya, wanda kullum yake gargaɗin marasa lafiya kada su ɗaga abu mai nauyi. Ya yi ta saukewa yana dubawa yana mayarwa, Malam Safwan yana kawo masa shayi. Sai da aka kusa kiran azahar, can a layin ƙasa kusa da bango, ya hango bakin shuɗiyar igiya. Wani mai taimako ya rubuta a jikin kwalin da babban alƙalami cewa na 'yan aji huɗu ne na firamare.

Ya kwance igiyar domin ya tabbatar. Littattafai goma sha ɗaya, baƙaƙe, bangonsu ya kumbura da ruwan gishiri. Ya buɗe na farko da niyyar ya duba suna kawai ya rufe. Sai ya ga da Hausa aka rubuta.

"Asabar, 18 ga Yuni, 2005. Mun fita ƙarfe shida da rabi, ni da Bethany mai jirgi. Ruwa kwance. Takwas saura kwata, gabas da dutsen fitila, guda bakwai. Mai tsaga biyu a fiffiken baya tana tare da jariri, bai fi kwana uku ba, har yanzu da alamun naɗin cikin uwa a jikinsa. Na sa wa uwar suna Tsaga. Jaririn kuma Asabe, in ya zama namiji sai a gyara. Na yi amai sau uku. Alhamdu lillahi."

A ƙarƙashin rubutun ta zana fiffiken da fensir, da tsaga biyu, ɗaya sama ɗaya kusa da gindi. Ashafa ya zauna a kan wani kwali ya ci gaba da buɗawa. Kowane shafi da kwanan wata, da lokaci, da yanayin iska, da adadin dabbobin, da zane. Akwai ranakun da suka yi awa tara a ruwa ba su ga komai ba, ita ma ta rubuta. Akwai ranar Sallah, ta rubuta cewa ta yi idi a Manchester ta kama jirgin ƙasa na sha ɗaya. A littafi na biyu rubutun ya karkace, kamar na mai rawar ɗari.

"Laraba, 9 ga Nuwamba. Sanyi ya kashe mini yatsu. Yaya ya kira jiya, ya ce in bar wasa da kifi in kama abin da zai amfane ni. Na ce to. Yau Tsaga da Asabe suna nan, yarinyar ta yi ƙiba."

Ya daɗe yana kallon shafin. Bai tuna kiran ba, amma ya gane maganarsa ce, har da yadda yake jera ta. Malam Safwan ya leƙo ya ce an tayar da salla. Ashafa ya mayar da littattafan, ya ɗaure igiyar, ya rungumi kwalin har cikin masallaci, ya ajiye shi a gabansa ya yi salla.

Ranar Asabar ya ƙi ba wa kowa saƙon. Ya shiga jirgin ƙasa zuwa Manchester da kwalin a kan cinyarsa, ya hau bas ya sauka a Oxford Road. Ofishin Kulu yana hawa na uku, ɗan ƙarami, taga ɗaya tana kallon titi inda bas ke bin bas. Bango ɗaya gaba ɗayansa hotunan fiffike ne, ɗaruruwa, kowanne da lamba a ƙasa. A bayan ƙofa ga rigar ruwa ja a rataye, da manyan takalman roba.

Kulu ta karɓi kwalin ta ɗora a tebur. Ta karanta abin da aka rubuta a jikinsa ta ɗago kai.

"Aji huɗu na firamare?"

Ya gaya mata gaskiya tun daga farko, bai rage komai ba. Ta dafe tebur har ya gama. Sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye.

"Da yanzu suna kan teku, Yaya. Da wani malami a Tudun Wada yana can yana mamakin wace ce Tsaga."

"Ki yafe mini."

"Ai ka nemo su."

Ta buɗe littafin farko a shafin zanen, ta kunna kwamfuta, ta kira wani hoto. Fiffike ne mai ruwan toka a saman ruwa, da tsaga biyu, ɗaya sama ɗaya kusa da gindi, sai wata sabuwar ƙarama a tsakiya.

"Wannan watan Agustan bara na ɗauka. Ita ce. Fiffikensu kamar fuskar mutum ne, faɗa da tsufa suna barin alama, kuma babu biyu iri ɗaya. Tsaga ta haura shekara talatin yanzu. Ga Asabe nan, mace ce kuwa, ba a yi gyara ba. A 2014 Asabe ta haifi wannan, Larai. Kaka da uwa da jika, kuma biyu daga ciki a idona aka haife su a lungun nan. Kwamfuta ta san Asabe tana babba. Littafin nan ne kaɗai ya san inda aka haife ta."

Ashafa ya matsa kusa da bango yana bin hotunan da ido. "Duk waɗannan kin san su?"

"Ɗari da tamanin da shida. Arba'in da ɗaya sun mutu ko sun ɓace."

"Me ya sa da Hausa kika rubuta?"

"Jirgi yana rawa, hannu yana daskarewa, dabba tana fitowa daƙiƙa biyu ta nutse. Abin da ya fara zuwa kaina shi nake rubutawa. Kuma a lokacin ina iya yin wata guda ban yi Hausa da kowa ba in ba kai ba."

Ya gyara tsayuwa. "Na karanta wasu wurare. Har na watan Nuwamba."

Kulu ta gane wanda yake nufi. Ta rufe littafin a hankali. "Kai ma tsoro kake ji a lokacin, Yaya. Baba ya bar maka ni, ga ni ina yawo a kan ruwa ban iya iyo sosai ba. Zauna in haɗa maka shayi, akwai abin da nake so ka yi mini. Lauyan kamfanin zai ce jiya na zauna na rubuta su. Ina son ka zo zaman kwamitin ka faɗi inda suke shekara sha biyar."

"Har da zancen kwantena?"

"Musamman shi."

Ranar sha biyu ga Maris ta faɗo cikin azumi. An yi zaman a wani zaure a tsakiyar Birmingham, mutum uku na kwamiti a gaba, shugabarsu mace mai furfura da tabarau a kan hanci. Kamfanin ya zo da lauya da masana biyu. A ɓangaren Kulu akwai Bethany, matar da take tuƙa ta a jirgi tun ranar farko, yanzu ta haura sittin, fuskarta ta sha iska, ta zo da nata littafin fita da shiga na jirgi a cikin leda. Kwamitin kuma ya ɗauko tafinta wanda bai san kowa a cikinsu ba, wani mutumin Jos mai suna Choji, wanda ya daɗe yana yi wa kotuna aiki. An ba shi littattafan mako guda kafin ranar.

Ashafa ne aka fara kira a kan littattafan. Ya faɗi sunansa da aikinsa, ya faɗi ranar da aka kawo kwalin gidansa, da yadda ya kusa aika shi Zariya. Mutane suka yi dariya, har shugabar ta sunkuyar da kai. Ya miƙa takardar shaida da Malam Safwan ya sa wa hannu. Lauyan ya tambaye shi ko yana goyon bayan aikin ƙanwarsa ne shi ya sa ya zo.

"Ranka ya daɗe, in ka bari tafinta ya karanta shafin tara ga Nuwamba, za ka ji irin goyon bayan da na ba ta."

Choji ya karanta da Hausa, sannan ya juya da Turanci, bai tsallake kalma ba. Ashafa ya tsaya ƙyam ya saurari maganarsa ta shekara ashirin ana shigar da ita cikin rubutun kwamiti. Lauyan ya ce ba shi da sauran tambaya.

Daga nan aka kira Kulu. Ta sa doguwar riga mai ruwan ƙasa da ɗan mayafi, ga tulun ruwa da kofi a gabanta ba ta taɓa ba. Lauyan ya riƙa zaɓar shafi yadda ya ga dama, Choji yana karantawa, Bethany tana buɗe nata littafin a kan kwanan watan. Sau tara aka gwada, sau tara lokacin fita da na dawowa suka zo ɗaya. A na goma aka sami bambancin awa guda. Bethany ta ce ranar ce aka sauya agogon ƙasar da awa guda, kamar yadda ake yi sau biyu a shekara, ita ta manta ba ta juya nata ba, kuma har yau mijinta yana yi mata gori a kai.

Ashafa yana zaune a layi na biyu, yana jin Hausar Zariya tana tashi a zauren, gabas da dutsen fitila, ruwa ya fara tashi, uwa da jariri. Yana kallon yadda mai rubutun kwamiti take tsayar da Choji tana tambayar yadda ake rubuta Asabe.

Lauyan ya sauya hanya. Ya ce shi bai musa cewa an rubuta littattafan a lokacinsu ba. Abin da yake shakka shi ne a ce mutum ya kalli zanen fensir ya ce wannan dabbar ce ya gani bayan shekara ashirin. Ya sa aka haska wani hoto a bango, daga cikin waɗanda masanan kamfanin suka ɗauka a lungun.

"Dakta Jumare, ga fiffike. A idona, da idon duk wanda ke nan, daidai yake da sauran. Za ki iya ce mana kin san wannan?"

Kulu ta tashi ta matsa kusa da bango. Ta ce a ƙara girman hoton. Ta yi kamar rabin minti tana kallo.

"Lamba ta ɗari da goma sha biyu ce. Larai. Ga yanka a sama mai kama da ƙugiya, ta same shi a 2019, ga farin tabo a gefen hagu. In kwamiti ya buɗe shafi na sittin da uku na rahotona zai ga hotonta."

Shugabar ta buɗe, ta ɗaga takardar ta kalli bango, ta miƙa wa na kusa da ita. Shi ma ya duba ya gyaɗa kai.

"Ina da tambaya, in an yarda," in ji Kulu. "Yaushe aka ɗauki hoton nan?"

Lauyan ya waiwayi masaninsa. Mutumin ya duba takardunsa, ya ce sha huɗu ga Janairu.

"Na gode. Rahoton kamfani ya ce da bazara kawai suke wucewa. Wannan jikar Tsaga ce, an haife ta a lungun, ga ta a lungun a tsakiyar hunturu, kuma ba ni na ɗauki hoton ba."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko yi murmushi ba. Ta koma ta zauna. Masanin kamfanin, dattijo ne shi ma, ya cire tabarau ya ce a gaskiya ba su gwada hotunansu da kundin Dakta Jumare ba, kuma ya kamata a ce sun yi. Sauran awa biyun duk a kan sauti aka yi su, nisan da ƙarar turaku take kaiwa a cikin ruwa da watannin da jarirai suka fi rauni. Kulu ta amsa kowace tambaya, inda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Ashafa ya fi shekara talatin yana ganin manyan likitoci a gaban kwamitoci, kuma ya san bambancin mai kare kansa da mai faɗin abin da ya gani.

Da aka tashi, Choji ya zo ya gaida Kulu da Hausa. Ya ce shekara goma sha bakwai yana tafinta, kullum rigimar aure ce ko ta takardun zama, yau ne karo na farko da ya fassara abin da ya sa shi sayen taswirar teku. Ashafa ya ce babu wanda zai kama hanya da yunwa, ya kwashe su duka, har da Bethany, zuwa gidansa a sha ruwa. Nana A'isha ta yi kunun gyada da ƙosai da farfesun kaza. Bethany ta ci ƙosai bakwai, ta ba su labarin ranar da Kulu ta fara shiga jirginta da takalmin zuwa biki, ta ce a ranta ta ba ta mako ɗaya kafin ta gudu.

"Ni kwana uku na ba ta," in ji Ashafa.

Hukuncin ya fito cikin watan Mayu. Kulu ta kira shi da safe yana shirin kiran mara lafiya na farko. Kwamitin bai hana ginin ba. Amma ya ce a mayar da shi tsohuwar tashar masunta, mil uku daga lungun, a rage girmansa, kada a buga turaku daga Mayu zuwa Oktoba, kuma duk jirgin da zai ratsa lungun ya rage gudu. An kuma ɗora wa Kulu da ɗalibanta sa ido a kan dabbobin har a gama aikin.

"Ba duk abin da na nema ba ne," ta ce, "amma lungun ya tsira."

"Masha Allah. Allah ya yi miki albarka, Kulu. Amma tsaya, watan Afrilu fa? A littafi na bakwai kin ga jarirai biyu a ƙarshen Afrilu."

Ta ce, "Yaya, har na bakwai ka kai?"

"Choji ya turo mini kwafin fassarar, na haɗa da ta Hausar. Na gama duka."

"To ka yi gaskiya, kuma shi ne abin da zan rubuta musu a kai yau. Akwai kwana ashirin da takwas na neman gyara. Sai na fito daga lecture, ɗalibai suna jirana."

"Ki turo mini in duba miki kafin ki aika. Kuma ki gaya wa Bethany na ɗauki hutu mako na biyu na Yuni. In akwai wuri a jirgin, ina so in zo."

"Akwai wuri. Ƙarfe shida da rabi muke fita."

Ya ajiye wayar, ya leƙa ƙofa ya kira suna na farko. Wata tsohuwa ta taso a hankali da sandarta, ya riƙe mata ƙofar har ta shiga.